Fitilar da Ta Tsaya a Shumaisi

Ka'akiyya, Makka
18 ga Maris, 2016

Zuwa ga Gwaggo Ɗaso,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar nan da ke damunki, yaya mutanen Gumel baki ɗaya? Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Na san waya ba ta da amfani a tsakaninmu tunda kunnen ya yi nauyi, in na kira sai mu yi ta "na'am, na'am" har kati ya ƙare. Shi ya sa na ba Hajiya Adama wannan takarda, sun gama Umra, jibi za su tashi.

Albishirinki! Salwa ta sauka lafiya ranar Laraba biyu ga wata, an samu namiji. Larabar da ta zagayo aka yi suna. Danginta na Rusaifa sun cika mana gida, har a matakala mutane suka zauna suka ci shinkafa. An yanka rago, an yi addu'a, an yi abin da ya kamata. Muna kiran yaron Dipak.

Salwa tana gaishe ki. Kin san ita a nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. Ta ce in rubuta miki haka: "Gwaggo, wallah walad ɗin kamarki sak," ko da yake a hoto kawai ta san ki.

Ga dabino da man zafi a hannun Hajiya. A sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Falalu

Gumel
9 ga Afrilu, 2016

Falalu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso da dabino da man zafi, Allah ya yi albarka. Ƙafa da sauƙi, sai dai in na daɗe a zaune takan ƙi tashi da ni. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ka ce wa Salwa na gode da ƙaryar da ta shirya mini, Allah ya kiyaye yaro da wannan hancin nawa.

To, an gama gaisuwa.

Sau uku na karanta takardar nan. Na cire tabarau na goge na sake dubawa, sunan yana nan yadda ka rubuta shi. Kai a zatonka tsohuwa ba za ta gane ba? Ka manta shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, kuma Indiyawa ne suka koya mini lissafi a kwalejin horon malamai. Mijin malamarmu sunansa ke nan. 'Yan Hindu ne. Mutanen kirki ne, ban ce ba, amma sunansu nasu ne.

Ranar da za ka tafi, a zauren gidan nan, kai ka riƙe hannuna ka ce in Allah ya ba ka namiji sunan ubanka zai ci. Ni ban roƙe ka ba. Salihu taubashina ne, tare muka tashi a ɗakin kakarmu, muna faɗa muna shiryawa har ya koma ga Allah ban gama rama tsokanarsa ba. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san shi da ƙuruciya. Shekara takwas ina jiran a dawo mini da shi mu ɗora daga inda muka tsaya. Sai ga shi a Makka, garin da mutane ke sayar da gona don su je su gani, ka rasa sunan da za ka sa wa ɗanka na fari sai wannan.

Ban gaya wa kowa ba. Matan unguwa suna zuwa barka suna tambayar suna, ina ce musu takardar ta jiƙe daidai wurin. Ka sa ni ƙarya da furfurata. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Gwaggonka,
Ɗaso

Ka'akiyya, Makka
14 ga Yuni, 2016

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, yaya ibada, yaya jiki? Mu muna lafiya, yaro har ya fara dariya. Takardarki sai shekaranjiya ta zo hannuna, wanda kika ba ya manta da ita a aljihun jaka har ya koma gida, sai ƙanensa ne ya taho da ita. Da na ga kwanan watan da ke kanta na lissafa wata biyu ke nan kina fushi da ni ban sani ba, ranar ko abincin buɗa-baki kasa ci na yi.

Gwaggo, sunan Baba yaron ya ci. Da shi aka yi masa huɗuba, da shi aka yanka rago, shi ne a takardar haihuwa. Hannuna ne ya kasa rubuta shi, ga shi sunan mahaifi, ga shi na ɗan fari. Na ɗauka in na ce an yi abin da ya kamata kin gane. Tunda ni da Salwa ba mai iya kiran sunan, dole a nemi lakabi, shi ne wanda na rubuta miki. Laifina ne, ki yafe mini.

Amma na san za ki ce duk lakabin duniya, ga Abba ga Khalifa, me ya kai ni Indiya. Bari in gaya miki.

Kin san wanda ba musulmi ba ba ya shiga Makka. A hanyar Jidda, kafin shingen Shumaisi, akwai babban allo da ya raba hanya, musulmi su miƙe, sauran su ratse. Kamfaninmu yana da fili a gefe kafin a kai nan. Direban da ya ɗauko marmara daga tashar jirgin ruwa, in ba musulmi ba ne, a filin yake tsayawa ya miƙa mini makulli. Ni in shiga da tirela cikin gari, in sauke inda ake ginin otal, in dawo masa da ita ba kaya. Shekara shida ni da mutum ɗaya muke wannan musaya, shi ne Dipak.

Ranar da na fara aikin ƙarya na yi, na ce na iya tirela, alhali tipa kawai na taɓa ja. Da na zo yin baya sai motar ta lanƙwashe kamar wuƙar aljihu. Yana tsaye yana kallo. Bai yi dariya ba, bai kuma kai wa mudir, wato manajanmu, labari ba. Sai ya ɗebo duwatsu ya jera a ƙasa, ya ce da Larabcin nan namu na leburori, "Sadik, shwayya shwayya," wato aboki, a hankali. Wata huɗu kullum sai ya tsaya cikin rana ya koya mini kafin in wuce. Duk abincin da nake ci a garin nan daga duwatsun nan ya fito.

In azumi ya zo ban taɓa ganin ko gorar ruwa a motar ba, can bayan katanga yake zuwa ya ci abincinsa. Dardumata da nake mantawa a kan kujera, kullum sai in tarar an naɗe ta an ɗora a sama inda ƙafa ba ta kaiwa. In na dawo daga gari yakan tambaye ni, "Yau ka ga Ɗakin? Mutane da yawa?" In ba shi labari yana gyaɗa kai. Ya kawo dutsen da aka gina rabin unguwa da shi, bai taɓa ganin ko bango ɗaya ba.

Wata rana muna jiran mai gyaran taya na tambaye shi ma'anar sunansa. Maimakon ya amsa, sai ya ɗauko murfin kwalba, ya zuba man girkinsa, ya murza auduga ya yi lagwani, ya kunna. Ya ce, "Wannan ni ne." Sunan yana nufin fitila, 'yar ƙarama ta yumɓu, ko mai haskawa. Ya ce ya fito ne daga tsohon harshensu na littattafai, Sanskirit, inda ake ce wa fitila dipa. Suna da wani biki da suke jera irin waɗannan fitilu a ƙofar gida da kan katanga, Diwali, shi ma sunansa daga nan ya samo asali. A makon bikin aka haife shi a wani ƙauye kusa da Gorakhpur, sai kakarsa ta ce ai ga fitila ta shigo gida.

Na ce to suna ne na musamman ke nan. Ya yi dariya har da tari. Ya ce a ajinsu na firamare su biyar ne, malami sai da ya raba su da Dogo da Gajere da Mai Kuka. A masaukin ma'aikata na Jidda ma su uku ne. Wai a zamaninsu in ka jefa tsakuwa a kasuwa kan wani Dipak za ta faɗa, amma iyayen yanzu sun fi son sababbin sunaye, nasa ya fara zama tsohon yayi, kamar Ɗanjuma a wurinmu.

Ban yi gaban kaina ba. Na tambayi Malam Uzairu, ɗan Zariya da ke karatu a jami'a a nan. Ya bincika, ya ce a iya saninsa ba sunan abin bauta ba ne, kuma ma'anarsa mai kyau ce, bai ga laifi a yi lakabi da shi ba.

Shi Dipak ɗin ya koma ƙasarsu tun watan Janairu saboda wata 'yar matsala a wurin aiki. Ina so in na kira ɗana in riƙa tuna shi.

Ɗanki,
Falalu

Gumel
16 ga Agusta, 2016

Falalu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai. Maniyyatan garin nan za su tashi, na ba Malam Yunus wannan.

Ashe kunya ce. Kai da ka bar gida shekara takwas, kana cin shinkafa da cokali, ashe har yanzu ba ka iya rubuta sunan ubanka. Na yi kuka, na yi dariya, na kuma ji kunyar kaina. Rashin sani ya fi dare duhu. Na zagaya unguwa da sandata na gaya wa kowa Salihu ya dawo. Ka ce masa ya shirya, matarsa tana nan Gumel tana jira, kuma ban manta da ƙadangaren da ya saka mini a kwanon fura ba.

Mutumin nan naka ya shiga raina. Wanda zai naɗe dardumar da ba ya salla a kanta, uwarsa ta iya tarbiyya. Fitilar da ya kunna maka kuwa ai aci-balbal ce, irinta ce a ɗakin kakarmu, da man gyaɗa da lagwanin auduga. Ashe har can suna da ita. Na yi ta maimaita sunan ni kaɗai a tsakar gida, ba shi da nauyi a baki, kuma in aka ce wa yaro fitila ai addu'a aka yi masa. Shekara uku ina gaida mijin malamarmu ban taɓa tambayar abin da sunansa ke nufi ba, sai yanzu da na tsufa ɗan taubashina ya koya mini.

Sai dai lakabin ban faɗa wa kowa ba tukuna, ga dalili. Ka cika shafi uku da duwatsu da darduma da murfin kwalba, amma tafiyar mutumin da ka yi shekara shida da shi layi ɗaya ka ba ta. "Wata 'yar matsala." Falalu, ni malama ce. In ɗalibi ya zo wani layi ya karanta da sauri yana kallon taga, a nan aikin yake. Ruwa ba ya tsami banza. Wace matsala ce, kuma ina kake lokacin da ta faru?

Gwaggonka,
Ɗaso

Ka'akiyya, Makka
20 ga Satumba, 2016

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, an gama aikin Hajji lafiya, Malam Yunus zai taho miki da wannan. Muna lafiya. Takarda uku na fara ina yagawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga abin da ya faru.

A watan Janairu, cikin Salwa yana wata bakwai, na sayi gadon jariri na hannu a wurin wani a hanyar Jidda. Dokar kamfani ta hana ɗora kayan kai a kan tirela. Na ce ai ɗan gado ne. Dipak ya ɗaure marmararsa tun daga tashar jirgin ruwa, ya sa hannu a takarda kamar kullum, don wanda ya ɗaure shi ke sa hannu. A filin musaya na kwance igiya biyu na cusa gadon a tsakanin kaya. Ya ce mini, "Sadik, wannan ba kyau." Na ce ba komai. Da ya ga na nace, shi ya kama mini muka ɗora. Ya ce bari ya sake ɗaurewa da kansa, na ce ina sauri, na ja igiyar sama-sama na tafi.

A wata kwana mai gangara wajen Shisha kayan suka zame. Rabin marmarar ta zube a titi ta farfashe. Allah ya tsare ba wanda ke kusa. Kafin mutanen kamfani su iso na sauke gadon na ajiye a shagon wani ɗan Nijar, Issoufou. Gadon ko ƙwarzane bai yi ba.

Washegari mudir ya tara mu a filin. Ya ɗaga takarda ya ce wa ya ɗaure kayan nan. Igamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, a hannun kamfanin take. In suka kore ni zuwa gida, Salwa fa, wadda ba ta san ko'ina ba sai Makka, ga tsohon ciki? Ina cikin wannan tunani na ji Dipak ya ce, "Ni na ɗaure." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ni kuma na sunkuyar da kai.

Suka rubuta sakaci a fayil ɗinsa, suka ba shi fita ba dawowa, suka hana shi takardar shaidar aiki, bayan shekara tara yana yi musu tuƙi. Ranar da ya miƙa mini makulli na ƙarshe na riƙe shi ina kuka, na ce zan je in faɗa. Ya ce, "Matarka ba ta da ƙauye, ni ina da shi. Je ka." Na kuwa tafi.

Tun daga ranar ban kira shi ba, lambarsa tana wayata. Wani ɗan garinsu ya ce mini yana gonar yayansa, duk kamfanin da ya je sai a tambaye shi takardar shekara taran nan. Bai ma san an sa wa yaro sunansa ba. Salwa ita ma ba ta san komai ba, kuma a gadon nan yaron yake kwana.

Yanzu kin ji. Ki yi mini duk faɗan da za ki yi.

Ɗanki,
Falalu

Gumel
28 ga Nuwamba, 2016

Falalu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, an gama girbi. Na daɗe ban rubuto ba, ba don rashin matafiyi kaɗai ba. Sai da na bari zuciyata ta huce.

Ba zan yi maka faɗa ba. Tsoro ka ji, kuma ban san abin da ni zan yi ba da ni ce a filin nan. Shi kuwa mutumin, ban san irin yabon da zan yi masa ba. Ka lura ko ƙarya bai yi ba? Ya faɗi gaskiyar da za ta cece ka, ya haɗiye wadda za ta cece shi. Na yi shekara saba'in da ɗoriya, irinsa ba su fi in ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kakarsa ta iya zaɓen suna.

Amma ka saurare ni. Sunan nan yana rubuce a wuri biyu. A gidanka yana kan jariri ana yi masa rawa, a ofishinku yana cikin fayil an rubuta sakaci a gefensa. Kai ka sa aka rubuta. Ka ɗauka in ka kira ɗanka da shi sau dubu wancan zai goge? Mai sunan yana can yana noma da hannun da ya koya maka tuƙi. Lakabin nan bai amfane shi da komai ba, kai yake yi wa daɗi. Gobe yaron zai girma ya tambaye ka wane ne Dipak. Za ka ba shi labarin duwatsu da darduma, sannan ka zo layin nan ka karanta da sauri kana kallon taga.

Ka je ka gaya wa mudir ɗin. Na san abin da nake tura ka, kada ka ɗauka tsufa ne ya sa ban san igama ba. Kana iya rasa aikin, kana iya rasa garin. Shi ya sa kafin ka je ko'ina ka fara zaunar da Salwa, don rayuwarta ce za ka ɗora a faranti. In ta ce a'a, ban da ta cewa. In kuwa aka koro ku, ɗakin ubanka yana nan, na sa an gyara rufin, ba za ku kwana a waje ba.

Kafin nan ni Salihu kawai na sani. Wancan sunan ya fi ƙarfin bakina, kuma a ganina ya fi ƙarfin naka.

Gwaggonka,
Ɗaso

Ka'akiyya, Makka
12 ga Maris, 2017

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, yaya ƙafa? Mu lafiya lau, yaro ya cika shekara, yana dafa bango yana tafiya. Na san shirun ya yi yawa. Gaskiya wata guda takardarki ta yi a aljihuna, ina jin haushinki, ina cewa mai ɗaki a Gumel me ta sani.

Daga baya na gaya wa Salwa. Kwana uku ba ta yi mini magana ba. A na huɗu na dawo daga aiki na tarar ta kwance gadon, ta jingina katakan a bayan ƙofa, yaro yana barci a katifa a ƙasa. Ta ce, "Wallah ba zai ƙara kwana a ciki ba sai ka je. In Najeriya ce, khalas, mu tafi, zan koyi daka." Tana faɗa tana hawaye, don ita ta fi ni sanin abin da za ta bari.

Ranar Lahadi ta ƙarshen Janairu na shiga ofishin mudir. Na faɗa masa komai, har shagon Issoufou. Sai ya ce, "Shekara guda, sai yau ka tuna?" Na ce ban taɓa mantawa ba. Ya yi faɗa har masu shara suka leƙo. Ya karɓe makullin tirela a take.

Aikin ya tafi, Gwaggo. Abin da ya rage mini shi ne bai kore ni daga ƙasar ba, ya yarda in koma hannun wani kafili, wato ubangidan da zai riƙe igamata. Mako biyar ina zaune, yanzu na samu tankar ruwa ina kai wa gidaje a nan Ka'akiyya. Samun bai kai na da ba, mun koma ɗaki biyu. Amma kafin in fita daga ofishin na tsaya a bakin ƙofa na ce saura takardar Dipak. Ya ce in ɓace masa da gani. Kullum sai na koma na zauna a benci, a rana ta tara ya miƙo mini ita: shekara tara, ba laifi ko ɗaya, da hatimi. A gabana ya cire waccan ta sakaci daga fayil.

Na aika masa, sannan na kira. Da ya gane abin da na yi sai ya ce, "Inta majnun, sadik!" wato ni mahaukaci ne. Wai da direba ɗaya ne ba aiki, yanzu na mayar da su biyu. Makon jiya ya kira ya ce wani kamfanin siminti ya ɗauke shi.

A kiran nan ne na gaya masa sunan yaro. Ya ce, "Sunan tsofaffi ka sa masa, za a yi masa dariya." Sai ya ce in kara wa yaron wayar a kunne. Ban san abin da ya ce masa da harshensu ba, sunan kawai na ji sau uku, yaron kuma yana ta ƙoƙarin cinye wayar.

An sake haɗa gadon, yaro ya koma kwana a ciki.

Ɗanki,
Falalu

Gumel
4 ga Afrilu, 2017

Ɗana Falalu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ƙafar ma yau ta yi mini biyayya. Na karanta takardarka a zaune, na tashi na yi alwala na yi raka'a biyu. Allah ya mayar maka da abin da ya fi tirela. Ka ce wa Salwa na sallama mata, kuma ba sai ta koyi daka ba, inji ya zo Gumel tun tuni.

A cikin ƙunshin nan akwai wani abu naɗe da tsohon zane, a buɗe a hankali. Aci-balbal ɗin kakarmu ce. A gabanta ni da ubanka muka koyi karatu, bakinta da ka ga ya ɓalle shi ya ture ta muna kokawa a kan wa zai zauna kusa da haske, ni aka daka. Shekara sittin tana cikin adakata. Ka ɗauki hotonta ka tura wa mutumin Gorakhpur, ka ce wata tsohuwa a Gumel tana gaida shi, tana gaida uwar da ta haife shi. Fitilar kuwa ta yaro ce.

Jiya na sa kujera a ƙofar gida na gaya wa matan unguwa lakabin. Sun yi ta juya shi a baki, wata ta ce wannan wane irin suna ne a gidan musulmi. Na ce ta samu wuri ta zauna. Na ba su labarin tun daga duwatsu har zuwa benci, ban tsallake layi ko ɗaya ba, kuma ba wadda ta tashi sai da aka kira magariba.

Ka shafa mini kan mijina Dipak.

Gwaggonku,
Ɗaso